Ya kashe rai, ga shi yana yawo a gari: a ina shari'ar kisa take lalacewa?



Maganar yau mai nauyi ce, ina kuma roƙon Allah kada ya kawo ranar da za ki buƙace ta. Amma kin san zancen da ake yi a gidan makoki idan kashe mamacin aka yi: "Ai an kama shi, yana Bompai." Bayan shekara ɗaya ko biyu sai wata ta zo ta ce ta gan shi da idonta ranar Juma'a a kasuwar Wudil, yana cinikin awaki hankalinsa kwance. Nan take mata za su yanke hukunci: an sayi alƙali.

Ban ce ba a cin hanci a ƙasar nan ba. Sai dai sau da yawa shari'ar kisa takan lalace tun kafin alƙali ya ga fuskar wanda ake tuhuma. Wani lokacin a ofishin da ba ki taɓa jin sunansa ba ake lalata ta, wani lokacin kuma a zauren gidanki, kina ciki kina karɓar gaisuwa.

Bari mu bi hanyar tun daga farko. Idan aka yi kisa a Wudil, ofishin 'yan sanda na gari shi ke fara kamu, sannan ya miƙa maganar ga sashen binciken manyan laifuka da ke Bompai a Kano. Daga can a kai mutumin gaban majistare. A nan iyaye da yawa ke ruɗewa, suna zaton an fara shari'a. Ba a fara ba. Majistare ba shi da hurumin sauraron shari'ar da hukuncinta kisa ne. Iyakarsa ya ba da umarnin a tsare mutum a gidan gyaran hali, irin su Kurmawa ko Goron Dutse, a aika fayil ɗin Ma'aikatar Shari'a da ke Sakatariyar Audu Bako, a jira shawararta.

Wannan shawarar ita ce ƙashin bayan komai. Lauyan gwamnati zai karanta abin da 'yan sanda suka tattara, ya ce ɗaya daga cikin uku: a tuhume shi da kisan da hukuncinsa rataya ne, ko a tuhume shi da laifin da bai kai haka ba, ko kuma babu hujjar da za ta tsaya a kotu, a sallame shi. Bai san ɗanki ba, bai ga gawarsa ba, bai ji kukanki ba. Takardun da ke gabansa kawai ya sani. Idan ɗan sandan da ya yi bincike bai ɗauki bayanin matar da ta ga abin ta taga ba, to a wurin wannan lauya matar ba ta wanzu.

Dokar da manyan kotunanmu ke aiki da ita a nan Arewa, wato Final Kod, ba ta ɗauki duk kisa a matsayin abu ɗaya ba. Sashe na 221 shi ne na kisan da hukuncinsa kisa ne. Kafin a rataye mutum da shi sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu uku ba tare da shakka mai ma'ana ba: cewa mutum ya mutu, cewa aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, da cewa ya yi nufin kisan ko ya san abin da yake yi zai kai ga mutuwa. Ɗaya ya faɗi, tuhumar ta faɗi.

Sashe na 222 kuma ya jero yanayin da ke sauko da laifin daga rataya. Akwai tsokana mai tsanani da ta zo ba zato, ta fitar da mutum daga hayyacinsa. Akwai wanda ke kare kansa amma ya wuce gona da iri. Akwai faɗan da ya ɓarke nan take ba tare da shiri ba, aka yi ta dambe cikin fushi, babu wanda ya yi wa ɗan uwansa mugunta ta musamman. Akwai kisan da ganganci ko sakaci ya jawo. Hukuncin waɗannan yana sashe na 224, kuma faɗinsa shi ke ba mutane mamaki: ɗaurin rai da rai, ko ɗaurin da bai kai haka ba, ko tara, ko a haɗa ɗauri da tara. Tsakanin rai da rai da tara akwai tazara mai nisa, kuma alƙali ne ke zaɓar inda zai tsaya.

Ga misali. A ce samari biyu sun yi cacar baki a kara kan la'adar saniya, ɗaya ya ɗaga sandar da ke hannunsa ya maka wa ɗaya a ka, ya faɗi bai tashi ba. A ce kuma a wata ranar an yi irin wannan cacar bakin, aka raba su, ɗayan ya hau babur ya je gida ya ɗauko wuƙa, ya dawo bayan la'asar ya soke abokin faɗansa. A wurin uwar mamaci duk ɗaya ne, ɗanta ya tafi. A wurin doka ba ɗaya ba ne. Na farko yana iya samun 'yan shekaru, na biyu igiya yake fuskanta, domin tafiyarsa gida da dawowarsa sun ishi zuciya ta huce. Shi ya sa ƙananan bayanai irin su "ƙarfe nawa suka rabu" da "da wuƙar ya zo ko a wurin ya tsince ta" suke da nauyin rai. Wanda ya san amsar ya yi shiru, ya taimaka wajen sauko da tuhumar ko bai sani ba. Direban da ya take yaro a kan titin Kano zuwa Maiduguri da gudun wuce sa'a kuwa, galibi ta ƙofar ganganci da dokar tuƙi ake bi da shi, ba ta ƙofar rataya ba.

Kina tuna shari'ar Hanifa Abubakar, 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disambar 2021. Mutum uku aka gurfanar. Ranar 28 ga Yulin 2022 Mai Shari'a Usman Na'abba ya yanke wa Abdulmalik Tanko da Hashimu Isyaku hukuncin rataya, ta ukun kuwa, wata mata, shekara 2 aka ba ta. Mutane sun yi ta tsaki a kan shekara biyun nan, amma abin da aka iya tabbatarwa a kanta shi ne haɗa baki da yunƙurin aikata laifi, ba kisan kansa ba. Shari'a guda, alƙali guda, rana guda, hukunci daban-daban, domin hujjar da ke kan kowa daban ce. Haka kuma a shari'ar Ummita, wadda aka kashe a Janbulo a Satumbar 2022, ɗan ƙasar Sin ɗin da ake tuhuma ya ce kare kansa ya yi. Kotu ta auna maganarsa da ta shaidu, ta ƙi karɓa, Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji ya yanke masa hukuncin kisa a Maris 2024. Abin lura a shari'un nan biyu shi ne an samu shaidu sun tsaya, idon jama'a kuma bai kau ba. Kisan da aka yi a wani ƙauye bayan Wudil, wanda ko rediyo bai ɗauka ba, ba ya samun wannan gatan. Danginsa ne kaɗai idonsa.

Akwai wata tambaya da ke yawan fitowa: "Ai ya amsa da bakinsa, mun gani a Facebook, me kuma ake jira?" Abin da mutum ya faɗa gaban kyamara a harabar 'yan sanda ba shi ne hukunci ba. A babbar kotu, idan laifin na rataya ne, ko mutum ya ce "na aikata" alƙali zai rubuta cewa bai amsa ba, ya buƙaci gwamnati ta kawo hujja. Sau da yawa kuma wanda ake tuhuma yakan ce dukansa aka yi ya amsa. Sai a tsayar da babbar shari'ar a yi wata ƙarama a cikinta don gano gaskiyar haka, domin sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa. Idan iƙirarin ya faɗi, kuma dama shi kaɗai 'yan sanda suka dogara da shi, an gama. Ɗan sandan da ya doki mai laifi yana ganin ya taimaki dangin mamaci, alhali ƙofar fita ya buɗe masa.

Sai kuma ikon da ya fi na kowa a wannan fage, na Antoni Janar na jiha. Sashe na 211 na tsarin mulki ya ba shi damar dakatar da kowace shari'ar laifi ta jiha a kowane mataki kafin a yanke hukunci. Misalin da ya fi kusa da mu a Gaya ya faru. A Afrilun 2014 aka kama wata amarya 'yar shekara 14 a Unguwar 'Yansoro, bisa zargin ta zuba shinkafar ɓera a abinci, mijinta mai shekara 35 da wasu mutum uku suka mutu. Ba zan ambaci sunanta ba, yarinya ce a lokacin, yanzu kuma tana can tana rayuwarta. Ta shaida wa 'yan sanda auren dole aka yi mata, iyayenta suka musanta. An gurfanar da ita a Babbar Kotun da ke Gezawa gaban Mai Shari'a Mohammed Yahaya, gwamnati na neman hukuncin kisa, lauyoyin ƙungiyar FIDA na kare ta. A Mayun 2015 gwamnati ta nemi janye ƙarar, ranar 9 ga Yuni alƙali ya sallame ta, domin idan Antoni Janar ya janye babu abin da alƙali zai iya yi.

A ganina rataye yarinya 'yar shekara 14 ba adalci ba ne. Amma abin da ke ci mini rai a labarin nan shi ne mutum ukun da suka mutu don kawai sun ci abincin. Su ma suna da iyaye mata. Duniya ta yi ta magana a kan amaryar, su kuwa ko sunayensu ba a riƙe ba, shari'ar kuma ta tsaya ba tare da kotu ta ce ga mai laifi ko ga marar laifi ba. Ki riƙe wannan bambancin: sallama daban, wankewa daban. Wanda aka sallama saboda an janye ƙara ko an kore ta, doka ta yarda a sake gurfanar da shi. Wanda kotu ta saurari shari'arsa har ƙarshe ta wanke shi, ba a sake tuhumarsa kan laifin. Idan aka ce miki "an sake shi", tambayar farko ita ce wanne ne daga cikin biyun.

Yanzu ga abin da ke hannunmu. Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza, kuma zuciyar uwa ba ta son a taɓa gawar ɗanta. Na fahimci wannan sarai. Idan mutum ya mutu nan take a gaban shaidu da rauni bayyananne, kotuna sun sha yanke hukunci ba tare da binciken gawa ba. Amma idan an doke shi ranar Asabar, ya kwanta a gida ana shafa masa magani, ya cika ranar Laraba, lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya: wa ya ce dukan ne ya kashe shi, ba zazzaɓi ko hawan jini ba? In babu rahoton likita, wannan tambayar kaɗai ta isa ta rusa tuhumar. Don haka a kai wanda aka ji wa rauni asibiti a ranar, a adana kati da duk takardun da aka bayar. In ya rasu a bari likita ya duba ya rubuta kafin a yi masa wanka, a ɗauki hoton raunukan, kada kuma a wanke ko a ƙone tufafin da ke jikinsa. Idan ya yi magana kafin ya cika, yana ganin mutuwa ta zo masa, ya ce wane ne ya yi masa haka, doka na karɓar wannan maganar. Wanda ya ji ta ya je ya ba da bayani da sunansa.

Sai shaidu. Shari'ar kisa takan ɗauki shekaru, ana ɗagawa ana sake ɗagawa. Wanda ya ga abin da idonsa zai biya kuɗin mota daga Wudil zuwa Kano sau uku, duk zuwan a ce alƙali bai zauna ba ko ba a kawo fursuna ba, a na huɗu ya ce shi ya gaji. An yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki. Wata shaidar ta yi aure, mijinta ya ce matarsa ba ta zuwa kotu. Idan aka yi ta kira babu shaida, alƙali zai kori ƙarar, ba don an ba shi komai ba. Ki sani kuma a babbar kotu ba ke ce mai ƙara ba, gwamnati ce. Amma kina da damar ɗaukar lauya ya zauna yana sa ido a madadin iyali, ya riƙe lambar ƙarar, ya san lauyan gwamnatin da ke riƙe da fayil, ya rubuta wa ma'aikatar idan abu ya tsaya. Idan dangi za su haɗa kuɗi, kuɗin motar shaidu na cikin abin da ya kamata a fara warewa.

Ga kuma zauren gida. Kwana bakwai ba su cika ba dattawa za su zo, da mai unguwa da liman, a ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, a yafe. Yafiya abu ce mai girma a addininmu, ba na raina ta. Amma a san abin da ake yafewa. A ƙarƙashin Final Kod, yafiyar dangi ba ta kashe shari'ar kisa a hukumance. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne dangi su daina zuwa, shaidu su janye, ƙarar ta mutu da kanta. A shari'ar Musulunci kuwa, wadda Kano ta kafa dokar laifukanta a 2000, waliyyan jini ne ke da magana: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. A Katsina an taɓa bin wannan hanya har ƙarshe, aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002, kan kisan wata mata da 'ya'yanta biyu.

A fiƙihun Malikiyya da muke bi akwai abubuwan da ba kasafai ake faɗa wa mata ba. Kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa ko makamancin haka, ba ya karɓar afuwar dangi. Wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa, ba tafiya gida yake yi haka kawai ba, malaman mazhabar sun ce bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Zaɓin ƙisasi ko afuwa da farko yana hannun maza na ɓangaren uba, don haka in mahaifin yaron yana raye maganarsa ce a gaba. Amma diyya gado ce, uwa na da kasonta, matar mamaci da marayunsa na da nasu. Cikakkiyar diyya kuma dinari 1,000 ne na zinariya, kimanin kilo 4.25, wanda a farashin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne, hukumomin zakka kan fitar da adadin. Saboda haka idan aka kawo dubu ɗari biyar a leda aka ce diyya ce, sunanta sulhu. Halal ne a karɓa in an yarda, amma a kira ta da sunanta, a kuma tambayi malami matsayin haƙƙin marayu kafin wani baffa ya yafe abin da ba nasa ba. Maigidan da zai ce "na yafe" a zaure bai shigo ciki ya zauna da matar da ta yi naƙudar yaron ba, ko fiƙihu ya ba shi dama, bai kyauta ba.

Ko an yanke hukunci ma maganar ba ta ƙare ba. Zancen da ake yi cewa dare daban rana daban ake ƙirga wa fursuna ba gaskiya ba ne. Abin da ke akwai shi ne rangwamen kashi ɗaya cikin uku ga mai kyakkyawan hali, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Alƙalai kuma kan fara lissafi daga ranar da aka tsare mutum. Wanda aka ba shekara 9 bayan ya yi 5 yana jiran shari'a, shekara guda ta rage masa. Hukuncin rataya kuwa sai an gama ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, sannan gwamna ya sa hannu. Gwamna Ganduje ya yi alkawarin sa hannu a kan makashin Hanifa, ya sauka a Mayun 2023 ba a aiwatar ba. Rabon da a ji an rataye wani a Najeriya tun Disambar 2016 a Jihar Edo, kuma fiye da mutum 3,000 ke zaman jiran igiya. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha damar mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai idan mutum ya shekara 10 yana jira bayan ya gama ɗaukaka ƙara. Sama da duk wannan akwai afuwar gwamna a sashe na 212, da ta shugaban ƙasa a sashe na 175. Kin ga ƙurar da ta tashi a Oktoban 2025 da sunan Maryam Sanda ya fito a jerin waɗanda aka yi wa afuwa, har sai da fadar shugaban ƙasa ta sake duba jerin.

Duk abin da na faɗa, na faɗe shi kamar ke ce uwar mamaci. Kina iya zama ɗaya uwar. Yaron da ya ɗaga sanda a kara shi ma wata ce ta goya shi, kuma sassan nan da ke ba mu haushi idan namu aka kashe, su ne za su tsaya tsakanin ɗanki da igiya. Ba kowane wanda aka kama ne ya yi kisa ba, 'yan sanda kan kwashi duk wanda suka tarar a wurin. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi, wasu shekara da shekaru fayil ɗinsu bai fito daga ma'aikata ba. Idan naki ne, kada ki ɓoye shi, kada ki sayar da gona ki ba wani ɗan tsakiya da ya ce zai "kashe maganar". Ki nema masa lauya tun kafin ya sa hannu a kan kowane bayani. In babu hali, Hukumar Bayar da Tallafin Shari'a ta tarayya na da ofishi a Kano, FIDA na taimaka wa mata da yara, kuma a laifin da hukuncinsa kisa ne kotu kan naɗa wa wanda ba shi da lauya. Idan shekarunsa ba su kai 18 ba, ki nemo takardar haihuwarsa ko ta makarantar firamare tun yau, domin shekarunsa a ranar da abin ya faru su ne kotu za ta tambaya, ba girman jikinsa a ranar hukunci ba.